Tsirara Ya Zo

Tsirara ya zo garejina a Mokoyo,
ba riga, ba gilashin tare iska,
haƙarƙari a waje kamar ɗan dambe ya tuɓe.
Laminu ne ya turo shi, gumi har gwiwa,
ya ce batir ya mutu tun a hanyar Kwatano.

Shekara ashirin da biyu ina buɗe cikin kabu-kabu,
silinda guda, ɗari da ashirin da biyar,
daga tarin farko nake gane ciwonsu.
Wannan silinda biyu gare shi, kafaɗa da kafaɗa,
ɗari shida da hamsin,
ruwa ke sanyaya shi sai ka ce mota.
Na nemi kafireto sama da ƙasa.
Tasi'u, yarona, ya ɓoye dariya a hannun riga:
"Baba, allura ke ba shi mai, na'ura ke auna masa."

To.
Giya shida. Tanki lita goma sha huɗu.
Doki saba'in, in ji takardarsa,
ni ban ga inda aka ɗaure su ba.
Nauyi ya kusa buhun gero biyu.
Fitila ta sunkuyo kamar rago zai yi karo,
ƙaho mai faɗi, wutsiya guntuwa,
mazaunin baya bai fi tafin hannuna ba.
Ina mai kwandon tumatir za ta zauna?
Wanda ya ƙera shi bai taɓa jiran fasinja a bakin kasuwa ba.

Na sa batir. Ya yi gurnani,
sifanu suka yi rawa a kan tebur.

Bayan asuba na ce gwaji wajibi ne.
Kwaltar Tibiri ba kowa.
A giya ta biyu tayar gaba ta so barin ƙasa,
a ta uku hulata ta koma Maraɗi ba ni.
Ban kai ta huɗu ba,
amalanken jaki ya fito da itace, ba sallama.
Na damƙe birki da dukan tsorona.
Faifai biyu gaba, ɗaya baya,
wani abu na bugawa ƙarƙashin yatsuna kamar jijiya,
yana kamawa yana saki, ya hana taya kafewa.
Na tsaya taku uku daga kunnen jaki.
Jakin ko kallo.

Da na dawo, yashin lungunmu ya karɓe shi.
Faffaɗar tayar nan mai sulɓi ta yi ta haƙa wa kanta rami.
Na sauka ina tura doki saba'in,
wani ɗan kabu-kabu ya wuce da tsohuwa da akuya,
ya ce mini sannu da aiki.

Laminu ya biya jika uku.
Na ce ya riƙa shafa wa sarƙa mai, ya sayi hular kwano.
Tasi'u ya jira har ƙarar ta ɓace,
ya ce, "Baba, yaya giya ta shida take?"
Na ce ya miƙo mini sifana mai lamba goma.