Kyamara Ta Bakwai

Ranar da na miƙa kakina a barikin Catterick
mai sito bai ko ɗaga kai ba.
Ya ƙirga takalma, ya ƙirga bel, ya ƙirga hula,
ya ce saura safa ƙafa guda.
Shekara goma sha ɗaya, Kofur Tanimu,
a kan safa aka rufe fayil ɗina.

Na fito ƙofa na rasa inda zan sa hannuwana.
Ba wanda ya ce in tafi dama,
ba wanda ya ce hagu.

Kwas na mako guda, a saman wani shagon kafet.
Malamin bai kai ƙanena Sabi'u ba,
gemunsa bai gama shawarar fitowa ba.
"Kada ka taɓa kowa. Ka ja da baya. Ka rubuta."
Ni da na goya Sajan Pritchard cikin rairayi
jininsa na bin wuyana har cikin singileti,
ga ni da shuɗin biro ina kwafa:
kada ka taɓa kowa.

Suka ba ni kati mai hotona, na ɗaura a damtse,
da riga ruwan ɗorawa mai ƙyalli.
Da can an koya mini ɓuya.
Yanzu albashina a gan ni ne.

Doncaster, ƙarfe bakwai zuwa bakwai.
Ina gadin sito mai girman unguwarmu a Jos,
cike da injin wanki da abincin kyanwa.
Allo goma sha biyu a gabana,
butar shayi, oba-oba, da littafin rahoto.
Dila na wucewa ƙarfe ɗaya, ba ta fashi.
Na fi sanin ta a kan maƙwabcina.

Rumasa'u ta ce, "Baba, yanzu kai ɗan sanda ne?"
Na ce a'a.
"To soja?"
Na ce ci tuwonki.

Daren Talata, uku saura kwata,
mutum a jikin waya, kyamara ta bakwai.
Jikina ya riga ni tashi.
Kafaɗa ta sunkuya, numfashi ya daidaita,
hannu ya kai inda ya saba kaiwa
ya tarar da tocila.

Na zagaya ta bayan manyan motoci, ba motsi,
yadda aka koya mini a wata rayuwar.
Tsoho ne. Silifas, rigar barci, ruwan sama.
Yana girgiza ƙofa da hannu biyu,
wai ya makara, za a yanke masa kuɗin safe.
A nan masana'antarsu take, in ji shi,
a nan yake ɗaura ƙafar jirgin ƙasa.
Wa ya sa mata kwaɗo?

Kada ka taɓa kowa.

Na riƙe gwiwar hannunsa. Sanyi kamar ƙarfen famfo.
Na lulluɓa masa rigar ƙyallin,
na zaunar da shi a kujerata gaban alluna,
suga uku ya ce, na sa huɗu.
A wuyan hannunsa akwai lamba, na buga.
Kafin 'yarsa ta iso ya kira ni Dennis sau biyar,
na amsa duka.

Ta zo da gashi a hargitse, makulli na rawa a hannunta.
Ba ta tambayi sunana ba,
ni ma ban ga dalilin faɗa ba.

Da asuba na shimfiɗa kwali bayan na'urar ɗumama ɗaki,
na yi raka'a biyu, gwiwar dama na ƙara irin tata.
Na buɗe littafi.
Layin da aka bari bai fi tsawon yatsa ba.
Na rubuta: baƙo ɗaya, an mayar da shi gida.

Marek ya karɓe ni yana hamma, ya ce ina rigarka?
Na ce za su cire a albashi.
Bas mai lamba hamsin da biyar ta makara kamar kullum,
na tsaya a tasha, ruwa na sauka,
hannuwana cikin aljihu.