Tsinke Mai Ƙifta Ido

A ofishin masunta na Lagdo,
inda ƙarnin kifi ke rigan kowa sallama,
Gambo Barmo ce ke rajistar kwale-kwale.
Ran kasuwa mutum ɗari da tamanin,
kowanne sai ta kama linzami,
ta ja, ta laluba, ta danna gurbin suna,
kafin harafi ɗaya ya sauka.
Kafin la'asar wuyan hannunta ya yi tsami,
ta kwance ɗankwali ta ɗaure shi.

Ni na gina fom ɗin, laifin na wuyana.
Daren Litinin, janareta yana tari,
na rubuta layi huɗu,
na ce wa tsinken nan mai ƙifta ido:
da an buɗe shafi, ruga gurbin farko ka tsaya.

Ya ji magana, nan ya kuskure.
Gurbin farko ɓoyayye ne,
ni na binne shi don lambar ofis, na manta.
Can ya je yana ƙwanƙwasa ƙofar da aka toshe.
Da safe tsoho Ndotti ya faɗi sunansa sau uku,
yatsun Gambo suna ta gudu,
allo fari fat,
haruffa sun tsiyaye kamar ruwa a kwando.
Tsohon ya ce, ’yata,
ko injin ma ya ji ana bina sefa dubu bakwai?

Na koma ban ci tuwo ba.
Na ce, kai tsinke, ba lissafi na aike ka ba.
Wanda aka ɓoye, wuce shi.
Wanda aka kulle, gaishe shi ka wuce.
Inda idon mutum zai fara sauka,
nan za ka shimfiɗa tabarma
tun baƙo bai cire takalmi ba.

Laraba na tsaya bakin taga kamar mai jiran canji.
Shafi ya buɗe.
Ga shi a gurbin suna, yana ƙiftawa,
Gambo ta zuba haruffa ba ta ko duba ba,
tana faɗa da wani kan tsawon raga.

Ba ta gode mini ba,
ba ta ma san an yi wani abu ba.
Sai a motar Garwa, muna hawa gadar Binuwai,
na tuna abin da na gani:
ɗankwalin yana kanta,
linzami kuma na gefe, ƙuda na hutawa a bayansa.