Si-si Ɗari Tara

Shekara goma sha tara muna hawan dutsen nan tare,
ni da ƙaramin babur ɗina mai si-si ɗari biyu da hamsin,
daga gidan burodina a Covilhã
har ƙololuwar Serra da Estrela, inda iska ke yankan kunne.
Na san tarinsa kamar yadda na san tarin mahaifina.
In ya yi gardama da asuba,
na san inda zan taɓa ya huce.

Amma a miƙaƙƙiyar hanyar Guarda
samari na wuce ni kamar an dasa ni,
su ɓace, ƙararsu ta zauna min a kunne.
In dawo gida in tarar ƙullu ya tashi,
zuciyata kuwa ta ƙi kwanciya.

Da yayyafi kogi kan cika.
Shekara huɗu ban sake takalmi ba,
gwangwanin madara ya yi nauyi a bayan buhunan fulawa.

Abílio dillali ya shafa jan tankin da gefen hannun riga,
ya ce: Gervásio, wannan ba ya jin ban haƙuri.
Abin da hannunka ya faɗa shi zai yi,
ko da ba abin da kake nufi ba ne.
Natércia ta duba rasit sau biyu, ta naɗe, ta miƙo min:
Hamsin da shida, gwiwa tana kuka.
To, ka sayi hular kwano mai kyau,
tunda abin da ke cikinta ya wuce gyara.

Ranar Lahadi na hau.
Na murɗa totur kaɗan, wallahi kaɗan,
sai kwalta ta naɗo kanta kamar tabarma,
itatuwa suka haɗe suka zama bango guda,
hantar cikina ta kaɗa.
A giya ta biyu na wuce iyakar gudun tsohona,
wanda sai ya yi nishi, ya samu gangara, yake kaiwa.

Can sama, a kwanar da ke ƙarƙashin Torre,
tumaki sun cika hanya da ƙararrawa a wuya.
Na damƙi birki.
Ya kama kamar awartakin maƙeri,
tayar baya ta yi rawa,
saura ƙiris in sumbaci rago.
Makiyayin bai ce uffan ba,
ya dubi babur, ya dubi furfurata, ya ci gaba da cin cukunsa.

Ina lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwai
sai na ji wani tari a bayana.
Tarin da na sani.
Telmo ne, yaron shagona,
wanda na sayar wa tsohon a rabin kuɗi,
ya kwanta a kwanar, gwiwa na neman ƙasa,
ya wuce ni ta waje,
ya ɗaga min hannu, har da sauran fulawa a farce.

A sama na same shi ya kusa shanye kofi.
Maigida, giya nawa ka sa?
Na ce uku.
Ya ce saura uku.
Ban yi dariya ba sai da muka sauko.

Ashe shekara goma sha tara
ina ɗora wa ƙaramin babur laifin tsorona,
shi kuwa ya ɗauka, bai taɓa tona ni ba.

Yanzu kullum, in burodin farko ya fita daga tanda,
gari bai farka ba,
ina filin ajiye motoci na bayan kasuwa,
na jera gwangwanaye shida,
ina zagaya su a giya ta ɗaya kamar ɗan koyo.
Hannun nan ya san ƙullu,
ya san inda ake dannawa da inda ake sassautawa.
Zai koya.
Natércia ta ce tana jin mu daga taga,
wai har yanzu ba ta gane
wane ne ke horar da wani ba.