Kwalin Sabulu

Ranar da na shigo da ita Mabera
yara suka bar ƙwallo suka zo kallo.
Modi mai shayi ya ɗaga ludayi:
"Malam, wagga mota ta,
ko kwalin sabulu anka yi ma taya?"
Sunan ya bi ta. Ban hana ba.

Ba ta da hanci, ba ta da ƙugu,
gaba a tsaye, baya a tsaye,
kamar magini ya aza ta da ma'auni
ya tafi salla, ya mance da ado.

Amma biyo ni lungun Rijiyar Ɗorowa,
inda manyan motoci ke cijewa a bakin titi
masu su su sauko su ƙarasa da ƙafa.
Ni sai in naɗe madubi in kutsa,
bango a dama, kwata a hagu,
in juya ta a filin tabarma biyu.

Gyaran keken ɗinki ne abincina.
In na kwantar da kujerar baya
keke uku take haɗiyewa har da ƙafafu,
da jakar ƙarafa, da gorar ruwa.
Mai kuwa tsotsa take kamar jinjiri mai gyangyaɗi:
na ran Lahadi shi ke kai ni Boɗinga,
Laraba ta same shi bai ƙare ba.

Kada in yi yabo in ci amanar gaskiya.
Da bazara ranar Sakkwato
ta gilashi take shigowa, ta zauna gidan gaba,
ba ta biyan kuɗin mota.
Sitiyari sai da tsumma.
A hanyar Kalambaina, in tirelar siminti ta gifta,
sai ta yi rawa kamar kwano a kan ruwa,
in riƙe ta da hannu biyu da addu'a.
Da damina unguwarmu kan zama gulbi;
sau biyu ta sha ruwa ta shaƙe,
yaran nan masu dariya su suka tura.

Kulu ta sayo buhun albasa a Kara.
Mota ce mai ɗaki ɗaya, ba ta da asiri:
mako uku ina zuwa ɗaurin aure
babbar rigata tana ƙamshin miya.
Fitilar baya ta fashe tun bara,
Cika bakanike ya juya ta, ya tsuke baki:
"Irin wagga sai an aika Kano."
Har yau leda ja ce da salatif.

To me ya hana in sayar?
Dillali ya zo sau uku, ya sha ruwa ya tafi.

Baba ne.
Da ƙafa ta ƙi, da baya ya sandare,
ƙanena ya kawo doguwar motarsa mai sheƙi,
tsoho ya kasa sunkuyawa ya shiga.
Tawa, mai rufin nan da ake yi wa dariya,
ya shige ta a zaune, kai a miƙe,
ko hularsa ba ta goce ba.
Kowace Alhamis mu tafi asibiti,
sandarsa tsakanin gwiwa,
yana nuna mini inda kukoki suke a da,
da gidan wanda ya ci bashinsa bai biya ba.
"Tahi sannu," yake cewa,
sai ka ce tana iya wani abu ban da sannu.

Shekara guda ke nan da muka kai shi makwanci.
Kujerar tana nan yadda ya tura ta baya.
Kulu gajera ce, in ta zauna
ƙafarta ba ta kai inda ya dace,
ba ta taɓa jawo ta gaba ba,
ni ma ban ce ta jawo ba.

Yanzu tana ƙarƙashin dogon yaro,
inuwarta mai kusurwa huɗu,
akuyar maƙwabta ta kwanta a ciki.
Gobe da asuba akwai tela a Gwiwa
da kekensa ke tsinka zare.
In ta tashi da bugu ɗaya, alhamdulillahi.
In ta ƙi, Modi ya san inda ake dafawa a tura.