Gurbi Na Sha Bakwai

Sha ɗaya saura na dare a Mabera.
An ɗauke wuta tun la'asar,
janareto na tari kamar tsoho mai asma.
Sahabi ya fita neman mai a jarka,
ni kuwa ga ni gaban fom,
gumi na ɗiga a kan madannai.
Sha biyu za su rufe ƙofa,
sha biyun garinsu, sai da na lissafa da yatsu.

Gurbi na sha bakwai ya ce:
bayyana sauyin da kuka kawo, kada ka wuce kalma ɗari.

Ta ina zan fara?
Da Kulu, 'yar mai casar shinkafa a Kwalkwalawa,
wadda ta tsaya gaban buhun siminti
tana haɗa baƙi da wasali, leɓenta na rawa,
ta karanto sunan kamfanin da ƙarfi
har birkila ya ajiye cokalinsa?
Babu gurbin rawar leɓe.
Na rubuta: yara dubu da ɗari biyu da shida.
Kulu ce ta shidan. Ni na ƙirga.

Bara sun ba mu kuɗin bita a otal,
shayi sau biyu, jaka mai tambari, alawus ɗin zama.
Na ce ku bar mu mu rufe aji biyu,
iska ta yaye kwano tun ruwan farko.
Uwargida Ebele ta amsa daga Abuja cikin ladabi:
rufi ba ya cikin kasafi.
Ba muguwa ba ce.
Akwai wata a samanta, wannan ma akwai wani,
tsani ne da ban taɓa hango ƙarshensa ba.
Ranar da ta zo ziyara ta cire takalmi,
ta zauna a tabarma, ta sha hura,
ta share hawaye, sannan ta nemi rasit.

Malam Bunu kafinta ba ya da rasit.
Benci arba'in ya yi mana, ko ƙusa bai ci ba.
Ya ce: "Mi za ni rubutawa?
Ga su nan, su taho su zamna."
Na kama babban yatsansa na tsoma a tawada,
ina jin kunya kamar na tuhume shi da sata.

Sun ce mu kawo kashi goma daga gare mu,
wai da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Haka ne.
Malama Inno ta kai albasarta kasuwa tun kafin ta yi tsada.
Rijiya ta bayar, banki ya riƙe guga mako shida,
kafin kuɗi su iso, kwalin alli ya ninka.

Bana kuma sun juya.
Koyon karatu ya tsufa, sauyin yanayi ake yayi.
Na tuna dogonyaron da aji uku ke zama a gindinsa
tun ranar da kwanon ya tashi,
na rubuta: karatu a inuwar itace, don kare muhalli.
Allah Ya yafe mini.
Ban yi ƙarya ba,
na dai sa wa gaskiya rigar da baƙo ke so.

Sahabi ya dawo da rabin jarka da tsire na ɗari biyar.
Na danna. Zobe na ta juyawa a kan allo,
mun daina tauna.
An karɓa. Za a tuntuɓe ku nan da wata shida.

Akwai allon ƙarfe a bakin makarantar,
ya fi ƙofar aji faɗi, sunansu ne a jiki.
Shekaranjiya Kulu ta karanta shi tas,
ta ja mini hannun riga:
"Malam, mi aka nuhi da tallahi?"
Na ce mata gobe.