Waƙafi da Ɗigo

Ƙarfe ukun dare a Valparaíso,
tuddai sun goya gidaje sun yi barci,
teku na tari can ƙasa wajen jirage,
ni da kwamfuta muna zaman doya da manja.

Manhajar da na gina wa masuntan gaɓarmu
ta wayi gari da ƙarya a baki.
Don Evaristo ya kawo kifi kilo sha biyu da rabi,
ita ta ce ɗari da ashirin da biyar.
Ya yi dariya har hularsa ta faɗi:
"Eloísa, biya ni haka,
gobe in sayo wa jirgina sabon inji."
Ni ban dara ba.
Cefanen gida talatin da ɗaya
na rataye a wuyan wannan lissafi.

Na buɗe kundin bayanin dandalin da na yi gini a kansa,
ina bin shafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Wani ne ya zauna ya rubuta duk wannan,
ban san sunansa ba, ban san ko ya ci abinci ba.
Ya ce fara nan, ga misali,
in ta ƙi, kada ka zargi kanka, duba ƙasa.
Irin mai share hanya da asuba ne,
ya tafi kafin masu wucewa su fito.
Na bi sawunsa har ƙarshen shara,
ban ga inda kifina ya kumbura ba.

Ran Alhamis na hau benen gidan burodi
inda magina manhaja ke taruwa da yamma,
mu tara, kujera bakwai,
ƙamshin tanda na biyo mu ta matakala.
Na ajiye damuwata a kan tebur.
Samari suka yi caa, kowa da nasa magani.
Doña Griselda, wadda ta tsufa a injinan banki,
ba ta ce uffan ba sai da ta goge tabarau,
ta ɗora farce a kan allo:
"Yarinya, mai kundin nan ba ɗan ƙasarmu ba ne.
A garinsu ɗigo ke raba kilo da rabinsa,
mu waƙafi muke sawa.
Injin ya ga waƙafinki bai san shi ba,
ya haɗiye."

Abin da ya hana ni barci kwana huɗu
bai kai ƙwayar gero ba.

Na gyara. Sikeli da allo suka shirya.
Har na rufe kwamfuta, tsohuwar ta riƙe min hannu:
"Ramin da kika faɗa yana nan a buɗe.
Wa kika bar wa?"

Daren nan na rubuta layi uku,
na aika a ƙara su cikin kundin,
gabana na faɗuwa kamar mai kai tuwo gidan surukai.
Wata Ülle daga Tartu ta karanta,
ta gyara min kalma guda, ta ce na gode,
ta sa su ƙarƙashin misali na shida,
inda ido zai faɗa kansu kafin ƙafa ta zame.

Babu sunana a wurin. Na duba sau biyu,
ba zan ɓoye ba.

Bayan wata biyar saƙo ya zo daga Surabaya,
wani Wahyudi mai auna kanumfari:
ya bi diddigi har ya gano mai layi ukun,
ya ce sun cece shi daga rigima da manoma arba'in.
Na karanta a tsaye, a bakin ruwa,
tsuntsayen teku na faɗa kan kayan cikin kifi.

Don Evaristo ya ɗora kwandonsa a sikeli.
Tara da rabi, in ji allo.
Ya girgiza kai, ya ce,
"Na fi son ta lokacin da take ƙarya."