Ƙudan da Hurera ta Kawo

Shekara talatin ina buɗe cikin agogo
a bakin Kejetiya, ƙarƙashin laima mai faci.
Ban taɓa ɗora gilashin idona a kan abin da ya taɓa numfashi ba
sai ranar da Hurera ta sauko daga mota
da 'yar kwalba kamar ta turare.

"Baba, na'urar makaranta layi ake yi mata.
Ara mini idonka."

Wai ƙuda ne. Ni na san ƙuda:
baƙi, mai naci, abokin mahauta.
Wannan bai kai ƙwayar shinkafa ba,
kore shar, yana ƙyalli kamar an goge tagulla,
ƙafafu zara-zara, sun fi hannun daƙiƙa siranta.
A Owabi ta kama shi, kan ganyen gwaza,
bayan ruwan la'asar,
yana tsaye ƙiƙam kamar zalɓe a bakin rafi.

Ta buɗe littafi a cinya. Ita tambaya, ni dubawa.
"Jijiyar fiffike ta miƙe, ko ta karkata?"
Ta karkata, kamar kwanar shiga Aboabo.
"Gashin ƙauri nawa?"
Na ƙirga uku.
Na riƙe numfashi yadda nake yi wa ƙaramin sukuru,
na taɓa da bakin hantsaki: huɗu.
Na huɗun kwance yake, ruwan kwalba ya lafe shi.

Ta bi layi da yatsa.
Mai uku yana da suna, dogo, ya fi shi tsawo sau goma.
Mai biyar ma an raɗa masa.
Mai huɗu, littafi ya yi gum.

Na ce, to mun samo baƙo, a yanka rago.
Ta ce, a'a, Baba, ɗaya ba ya shaida.
Ƙila gashi ya karye, ƙila littafin ya tsufa.
Sai na koma Owabi na samo 'yan'uwansa.

Da fensir ta rubuta a 'yar takarda:
wuri, rana, ganyen gwaza, alamar tambaya.
Can ƙasa, ƙanana: wanda ya ƙirga, Salifu mai agogo.

Wani direba ya ƙwanƙwasa tebur,
agogonsa na gaba da minti bakwai.
Na karɓa, na buɗe, na daidaita.
Amma har na naɗe laima
ina sake ƙirgawa a zuci, ko na tsallake na biyar.